Shin Ko Kun San? Sankarar Tafin Ƙafa da Ƙananan Abubuwan da ke Juya Akalarta

Shin ko kun san akwai ciwon dajin fata wanda a ƙasashen Turawa rana ce ke haddasa shi, amma a wurinmu sai ya zaɓi inda rana ba ta leƙawa? Sunansa melanoma. A Ostireliya da Niyu Zilan, inda ya fi yawa a duniya, a gadon baya da kafaɗa da ƙwauri ake tsintarsa. A ƙasar Hausa kuwa tafin ƙafa ne masaukinsa, musamman diddige, sai ƙarƙashin farce, sai tafin hannu jefi-jefi. Rahotannin da likitocin gwajin tsoka suka wallafa daga Zariya da Kano bakinsu ya zo ɗaya: mafi yawan melanomar da suka gani a ƙafa take, kuma akasarin masu ita sun iso asibiti ne bayan abu ya yi nisa. Ke nan manomin Sanyinna da ke wuni a gona tun daga shuka har girbi, a wannan babin dai, ba ranar da ke dukan ƙeyarsa ce abin dubawa ba. Ƙafar da yake takawa ce.

Shin ko kun san cewa baƙin mutum da Bature kusan yawan ƙwayoyin rina fata ɗaya gare su? Ƙwayoyin, waɗanda ake kira melanosayit, suna zaune a ƙasan ɓawon fata na sama, kusan ɗaya cikin kowace goma ta layin ƙasa. Kowace ɗaya tana ƙera sinadarin launi, melanin, ta ƙunsa shi a wasu 'yan jakunkuna, ta rarraba wa maƙwabta kimanin 36. Bambancinmu da Bature shi ne namu jakunkunan sun fi girma, sun fi cika, launin ya fi duhu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi ta kangare ta shiga hayayyafa ba birki, an samu melanoma. Wani abin lura: tun ɗan tayi yana ciki, waɗannan ƙwayoyi matafiya ne. Daga gefen inda laka za ta fito suke tasowa, su ratsa jiki har su kai fata. Shi ya sa in sun lalace tafiya ba baƙon abu ba ce a wurinsu, shi ya sa kuma melanoma ta yi ƙaurin suna wajen saurin bazuwa.

To me ya sa tafin ƙafa da tafin hannu suka fi sauran jiki haske? A 2004 masu bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka gano cewa naman da ke ƙarƙashin fatar tafi yana fitar da wani furotin, DKK1, mai danne ƙwayoyin rini, har yawansu a wurin bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na sauran jiki ba. Wurin da suka fi ƙaranci, nan ne kuma suka fi ba mu wahala. A 2016 likitocin Jami'ar Shinshu ta Japan suka zana taswirar tafin ƙafa, suka ɗiga alama a duk inda melanoma ta fito wa marasa lafiyarsu. Alamun suka taru a diddige da gaban tafi, inda nauyin jiki ke sauka, lanƙwasar tsakiya da ba ta taɓa ƙasa kuwa ta kusa zama fayau.

Kada a haɗa wannan da lalurar 'yan uwanmu zabiya. Su kam rana ce ke cutar da su, kuma ciwon dajin da ya fi kama su wani iri ne dabam, daga ƙwayoyin ɓawon fata yake tasowa, a fuska da kunne da wuya. Hula mai faɗi da riga mai dogon hannu su ne garkuwarsu.

Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a 2020 mutum kimanin 325,000 suka kamu da melanoma a duniya, kimanin 57,000 suka rasu. A Amurka, inda ake ƙirga komai, baƙar fata sun fi Turawa ƙarancin kamuwa da ita nesa ba kusa ba, amma in ta kama su ta fi kashe su. Babban dalili shi ne ba a ganinta da wuri.

Shin ko kun san cewa wata 'yar tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba ce ta buɗe ƙofar fahimtar yadda irin wannan ciwo ke sauya hali? Ana kiranta C. elegans. A shekarun 1980 wasu matasan masana biyu, Victor Ambros da Gary Ruvkun, suna ɗakin binciken Robert Horvitz a Amurka, suna fama da tambayar da ba wanda ya damu da ita: me ya sa wasu tsutsotsin ke maimaita matakin ƙuruciya, su kasa balaga daidai? A 1993 amsar ta fito. Ɗakin binciken Ambros ya gano cewa umarnin gadon da ake zargi, mai suna lin-4, ba ya ƙera furotin ko kaɗan, wani ɗan guntun zare kawai yake fitarwa mai haruffa 22. Ruvkun kuma ya nuna cewa guntun yana manne wa saƙon wani umarnin, lin-14, ya rufe masa baki. Sunan da ya zo farko a takardar Ambros na Rosalind Lee ne, matarsa kuma abokiyar aikinsa. Duniyar kimiyya ta ɗaga kafaɗa, aka ce wannan ai tsarabar tsutsa ce. Jami'ar Harvard ma ba ta tabbatar wa Ambros kujerarsa ba, sai da ya koma Dartmouth. Shekara bakwai ana haka. A 2000 ɗakin Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka duba aka same shi a ƙuda da kifi da ɗan Adam. A 2001 aka raɗa musu suna maikro-RNA. Ranar 7 ga Oktoba 2024 aka sanar daga Suwidin cewa Ambros da Ruvkun ne suka ci kyautar Nobel ta fannin likitanci, shekara 31 bayan wancan aiki da aka raina.

Ga yadda abin yake aiki. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da kundin gado iri ɗaya, DNA, mai umarnin ƙera furotin kimanin 20,000. Ƙwayar hanta da ta ido da ta fata duk kundi ɗaya suke riƙe da shi, abin da kowace ke karantawa ne ya bambanta. In za a ƙera furotin, sai a kwafi umarnin a wani zaren saƙo, a fitar da shi zuwa inda ake ƙira. Nan maikro-RNA ke tare hanya. Wasu furotin biyu, Drosha da Dicer, su ke yanke shi su daidaita tsawonsa, wani na uku mai suna Argonaute ya ɗauke shi su shiga farautar saƙon da haruffansa shida ko bakwai suka dace da nasa. In sun same shi, ko dai a tsayar da saƙon, ko a wargaza shi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a lambun albasa lokacin ban-ruwa ya ga irin wannan aiki. Inji na ta ruri, ruwa na gudu a babbar hanya, amma mai lambu ba ya kashe inji don fangali ɗaya ya ƙoshi. Fartanya yake sa wa ya kamfato laka, ya toshe bakin wannan, ya rage wa wancan, ya buɗe wa na gaba. Maikro-RNA ma ba ya taɓa kundin gado, rabo yake daidaitawa. Ɗan Adam yana da irinsu fiye da 1,000, guda ɗaya na iya taɓa saƙonni ɗaruruwa, kuma wani ƙiyasi na 2009 ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na umarnin ƙera furotin suna ƙarƙashin ikonsu. In guda ɗaya ya ɓace ko ya yi yawa, ba wuri ɗaya ke lalacewa ba.

Waɗanda suka fara danganta su da ciwon daji su ne George Calin da Carlo Croce, a 2002, a birnin Filadelfiya. Sun shekara da shekaru suna neman abin da ke ɓacewa a ƙwayoyin masu wata sankarar jini, sai suka tarar ashe maikro-RNA biyu ne, miR-15 da miR-16. Daga nan aka gane suna da ɓangare biyu: masu taka wa ciwo birki, waɗanda yake ƙoƙarin kawarwa, da masu zuga shi, waɗanda yake ƙara wa yawa.

Shin ko kun san cewa a kan melanoma masana sun shafe shekara goma sha biyu suna yaba wa wanda ba shi ya yi aikin ba? A 1998 aka gano wani umarnin gado da ke nan daram a lafiyayyar ƙwayar rini, amma yana dusashewa yayin da melanoma ke ƙara muni. Aka sa masa suna melastatin, aka ɗauka furotin ɗinsa ne ke hana ciwon yaɗuwa. A 2010 Carmit Levy, tana aiki a ɗakin binciken David Fisher a Boston, ta nuna cewa a tsakiyar wannan umarni, cikin wani yanki da ake yankewa a yar, akwai maikro-RNA a ɓoye, miR-211. Da aka mayar wa ƙwayoyin melanoma masu kutse furotin ɗin, ba abin da ya sauya. Da aka mayar musu miR-211, sai kutsen ya ragu.

Ni a ganina labarin miR-211 ya fi kowanne daɗin ji, don bai tsaya nan ba. Levy ta koma Jami'ar Tel Abib, kuma a 2016 ita da abokan aikinta, har da na cibiyar binciken ciwon daji ta Jamus da ke Haidelbag, suka wallafa abin da ya girgiza fannin. Melanoma tana farawa ne a ɓawon sama, inda babu jijiyoyin jini. Muddin tana can, ba ta da hanyar zuwa huhu ko hanta. Abin da suka gani shi ne, tun ba ta nutsa ba, takan tura jakunkunan nan na launi zuwa fatar ƙasa, cike da maikro-RNA, cikinsu har da miR-211 ɗin. Ƙwayoyin da ke saƙa naman wurin su haɗiye jakunkunan, halinsu ya sauya, su shiga hayayyafa da motsi da fitar da sinadaran kumburi, su gyara wa ciwon wurin sauka kafin ya iso. Abin da yake birki a cikin ƙwayar ciwon, shi ne ya zama ɗan aikenta a waje. Wanda duk ya ce muku wannan maikro-RNA na kirki ne, wancan mugu ne, ku tambaye shi: a wace ƙwaya, a wane mataki?

Sauran ba su da wannan sarƙaƙiya sosai. Tagwayen miR-221 da miR-222, kamar yadda masana a cibiyar lafiya ta ƙasar Italiya da ke Rum suka nuna a 2008, suna danne p27, furotin ɗin da ke hana ƙwaya rabuwa barkatai. A 2015 aka ƙara gano abin da ke sakin tagwayen: idan ƙwayar melanoma ta hau sama ta gogi manyan ƙwayoyin ɓawon fata, wani saƙo ne ke shiga ya kwance su, daga nan ciwon ya daina yaɗuwa a kwance ya fara nutsawa. A 2009 ɗakin binciken Eva Hernando a Jami'ar Niyu Yok ya nuna miR-182 yana ƙaruwa yayin da ciwon ke tsananta, yana danne MITF, babban mai tsara rayuwar ƙwayar rini, kuma a jikin ɓeraye ya ƙara bazuwa zuwa huhu. A 2012 a Jami'ar Rockefeller aka gano wasu guda uku da ke haɗa baki su rage ApoE, furotin ɗin da aka fi sani da dakon kitse a jini, ashe yana hana melanoma kutse da janyo jijiyoyin jini. Shi kuwa let-7 na tsutsar nan, yana cikin masu birki, kuma yakan yi ƙasa a melanoma.

Duk wannan dogon lissafi a kan abu ɗaya yake yawo: lokacin da ciwon ke barin kwanciya ya fara nutsawa. Wani likitan gwajin tsoka a Washinton, Alexander Breslow, ya riga kowa gane muhimmancin wannan tun 1970, da ma'auni kawai a bakin madubin ƙara girma. Ya auna zurfin kowace melanoma da aka yanke, ya tarar waɗanda ba su kai milimita 0.76 ba, a cikin marasa lafiyarsa, ba su bazu ba. Har yau da wannan awo ake aiki. Zurfin milimita 1 ko ƙasa da haka shi ne mataki mafi sauƙi, abin da ya haura milimita 4 shi ne mafi haɗari. A alƙaluman Amurka, wanda aka cire masa tun tana wuri ɗaya, kusan 99 cikin 100 suna kai shekara biyar. In ta kai gaɓoɓi masu nisa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Irin ta tafin ƙafa takan yi watanni, wani lokaci shekaru, tana kwance shafal kamar zanen tawada kafin ta nutsa.

A wannan tsakanin ne ake irin hirar nan a ƙofar gida bayan la'asar, dattijo ya miƙe ƙafa a tabarma, ɗansa na yanke masa farce.

"Baba, wannan baƙin na diddigenka kamar ya ƙara faɗi fa."

"Kai dai bari. Ƙaya ce tun lokacin huɗa, faso ya zo ya haɗu da ita."

"Ai an yi girbi, Baba."

"To ciwon ƙafar manomi yaushe yake warkewa da wuri? Miƙo min man kaɗen can."

Daga man kaɗe sai kemis, a sayo kafso a farke a barbaɗa. Tabon ya tashi ya yi tudu, ya fara tsattsafo da jini a cikin takalmi, a ce gyambo ne. A kira wanzami ya sa aska ya fere, ko a yi sakiya. Wanzami ya iya aikinsa, ba a nan take ba. Matsalar ita ce wannan ciwo yana da 'ya'ya a gefe da ido ba ya gani, shi ya sa likitan fiɗa ke haɗawa da lafiyayyar fata santimita 1 zuwa 2 a kewaye, gwargwadon zurfi. Na biyu, naman da aka fere aka yar shi ne kaɗai shaidar da za a auna a san sunan ciwon da matakinsa. Ita kuwa ƙayar, sau da yawa ba ita ta kawo shi ba, ita dai ta sa aka duba wurin. Sai ran da kaluluwa ta fito a matsematsi, mai tauri, ba zafi, ta ƙi sacewa, sannan ake neman motar Tambuwal, daga can a kama hanyar Dogon Daji da Shagari da Boɗinga, tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda ake da sashen gwajin tsoka da na gashin ciwon daji. Kaluluwar nan alama ce ciwon ya riga ya bar ƙafa.

Shin ko kun san wannan ciwo ne ya kashe Bob Marley? A 1977 aka ga baƙin tabo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa ta dama, aka fara ɗora laifin a kan raunin ƙwallo. Gwaji ya nuna melanoma ce. Likitoci suka ba da shawarar a yanke yatsan, ya ƙi, aka cire farcen da naman ƙarƙashinsa kawai. A Satumba 1980 ya yanke jiki ya faɗi yana gudun motsa jiki a Niyu Yok, aka tarar ta kai ƙwaƙwalwa da huhu da hanta. Ya rasu a Mayami ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Shekara ɗaya tak kafin a ga tabon nasa, a 1976, likita Richard Reed ya ware wannan nau'i na tafi da farce ya ba shi suna na kansa.

Kada kuma kowa ya firgita. Ɗigon baƙi a tafin ƙafa da zirin baƙi a farce abu ne gama-gari a wurin baƙar fata, yawancinsu tawadar Allah ce kawai. Wanda ake so a kai wa likita shi ne tabon da ke ƙara faɗi, ko gefensa ba daidai ba, ko launinsa ya cakuɗa baƙi da ruwan ƙasa da toka-toka, ko faɗinsa ya haura milimita 7, ko yana jini, ko miki ne da ya wuce wata biyu ana magani bai rufe ba. A farce, zirin da ya fito a yatsa ɗaya tilo bayan mutum ya manyanta, yana faɗaɗa, musamman in baƙin ya malalo kan fatar gindin farcen. Wannan alama ta ƙarshe likitan Ingila Jonathan Hutchinson ne ya bayyana ta tun 1886. Jinin da ya kwanta bayan tuntuɓe yana tafiya gaba tare da farce har a yanke shi, na ciwo kuwa yana nan a gindi. Wasu ma ba su da baƙi ko kaɗan, jajaye ne, sai a ɗauka gyambon ciwon suga ne. Likitocin Japan sun ƙara wata dabara: da ɗan madubin duba fata, in launin yana bin kwarin zanen tafi, galibi lafiya lau, in kuwa ya hau kan tudun zanen, akwai magana.

Ga iyayenmu mata akwai ƙarin abu guda. Ƙunshi ado ne, amma lallen da ya kama ya yi baƙi yana rufe tafi da farce ruf, wata kuma ba ta bari ya goge take ɗora wani. Tsakanin ƙunshi da ƙunshi ne lokacin dubawa, kuma mai ƙunshin ta fi mai ƙafar ganin wurin. Maza kuwa, mutum na wanke ƙafa sau biyar a yini wajen alwala, yana tsefe 'yan yatsu, amma da wuya ya juya tafin ya kalla. Dattijon da gwiwa ba ta lanƙwasuwa sai jika ya duba masa.

Shin ko kun san tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda cibiyarsa ta taimaka aka kawar da kurkunu a Najeriya, melanoma ta kai masa har hanta da ƙwaƙwalwa a 2015 yana da shekara 90? An yi masa fiɗa da gashi, aka sa shi a kan pembrolizumab, maganin da ke kwance wa garkuwar jiki takunkumi ta afka wa ciwon. Kafin shekarar ta ƙare ya sanar ba a ga alamarsa ba, ya rayu har Disamba 2024, ya cika shekara 100. Akwai kuma magungunan da ke auna BRAF, umarnin gadon da aka gano a 2002 cewa ya gurɓace a kusan rabin melanomar fata. Na farkonsu ya samu izini a 2011. Suna narkar da ciwon cikin makonni, amma sau da yawa yakan dawo cikin watanni, kuma an kama maikro-RNA da hannu a wannan dawowar, cikinsu har da miR-211 da ɗan uwansa miR-204. Ga inda gizo ke saƙar: irin tamu ta tafin ƙafa, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne ke da gurɓacewar BRAF, kuma ba ta jin maganin garkuwa kamar ta rana. Binciken kundin gado da aka wallafa daga Ostireliya a 2017 ya nuna dalili: ta rana cike take da dubban kurakuran harafi da hasken rana ya haifar, waɗanda garkuwar jiki ke saurin ganewa, ta tafi kuwa kurakuranta kaɗan ne, manyan sassan kundin ne suka kakkarye suka sake haɗuwa a karkace. Ba a ma zo maganar kuɗi ba. Asusun tallafin masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya soma.

To a mayar da maikro-RNA ɗin da ya ɓace mana, a huta? An gwada. A 2013 wani kamfani a jihar Tekzas ya fara gwajin MRX34, kwafin miR-34 da aka naɗe cikin ɗigon kitse ana ɗura wa masu ciwon daji da ya yi nisa. Cikin 'yan kaɗan da ciwonsu ya ja da baya har da mai melanoma irin ta tafi. Amma garkuwar jikin wasu ta harzuƙa, mutum huɗu suka rasu, aka rufe gwajin a 2016. Abin da ke taɓa saƙonni ɗaruruwa lokaci guda ba ya taɓa na ciwo kaɗai. Har yanzu babu maganin maikro-RNA ko ɗaya da ya samu izinin shiga kasuwa, don haka duk mai tallar wani abu makamancin haka a Facebook ko WhatsApp aljihunku yake nema.

Inda suka fi kusa da amfani shi ne wajen gano ciwo da hasashen halinsa. A 2008 masana a Siyatil suka nuna maikro-RNA na yawo a cikin jini ba tare da ya lalace ba, ko an bar jinin a ɗaki, ko an daskarar an narkar. A 2015 ɗakin Hernando ya fitar da wasu guda huɗu da, in an auna su a tabon farko, suke nuna wanda ciwon zai fi yiwuwa ya kai wa ƙwaƙwalwa. A 2011 kuma masana a Jami'ar Yale suka tarar jerin maikro-RNA na melanomar tafi ya sha bamban da na sauran. Wannan na ƙarshe shi ya fi shafarmu, domin kusan duk sunayen da na jero a sama daga melanomar Turawa aka samo su. Babban kundin melanoma da Amurka ta fitar a 2015, na mutum 331, kusan dukkansu fararen fata ne, irin ta tafi 'yan ƙalilan ce a ciki.

Shin ko kun san kayan cike wannan giɓi suna nan a gida? Duk naman da aka yanke aka kai sashen gwajin tsoka, ana jiƙa shi a sinadarin fomalin, a daskarar da shi cikin ɗan dunƙulen kakin farafin, a yanki sala-sala a duba, sauran a rubuta masa lamba a ajiye. Dogayen zaren saƙo suna ruɓewa a irin wannan ajiya, amma maikro-RNA, saboda gajartarsa, yana jure shekaru, ana iya ciro shi a auna da na'urar PCR, irin wadda aka girka a jihohi da dama lokacin korona a 2020. Asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya duk suna ajiye irin waɗannan dunƙule, kuma melanomar da ke cikinsu galibi ta tafin ƙafa ce, nau'in da manyan ɗakunan bincike na Turai da Amurka ke ƙarancin samfurinsa.